Tsoho Mai Awo da Gwangwanin Jan Fenti

Yayana Tsoho ba wawa ba ne, kuma abin da ya fi ƙona min rai a labarinsa ke nan. Da wawa ne da na ce haka Allah ya yi shi, na ja bakina na yi shiru. Amma mutumin da ya baro Zurmi da riga ɗaya a wuya, ya yi dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda har kafaɗarsa ta yi kanta, ya lallaɓa ya sayi tiya ya zauna awon hatsi a kasuwa, ya riƙe uwarmu har ta koma ga Allah, wa zai ce masa wawa? Ni Fatimatu ni ce autarsu, a gidansa na tashi, kuma ko bayan na yi aure katanga ɗaya ce ta raba mu. Duk abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona ko na ji daga bakinsa.

Sunan kakanmu ya ci, shi ya sa ake ce masa Tsoho tun yana rarrafe. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, mai saurin dariya da saurin yarda da duk wanda ya fi shi tsabtar riga. Idan ya damƙi gero ya murza a tafin hannu, zai gaya maka ko na Zurmi ne ko na wajen Shinkafi. A awo ba ya tauye kowa, har ma akan ce tiyarsa ta fi ta kowa tozo. Ba attajiri ba ne. Yana da rumfa, da sito ɗaya na ajiyar hatsi, da gonar gado a Zurmi, da babura biyu da ya ba 'yan kabu-kabu. Sai kuma shanu, waɗanda suke hannun Sodangi.

Sodangi Bafulatani ne na rugar da ke bayan Jangeru. A shekarar babban farin nan da ya kashe dabbobi suka haɗu. Ya shigo kasuwar Kaura shi da matarsa Barakatu, tana goye da jinjiri, abin da ke hannunsu bai kai na tiya biyu ba. Tsoho bai san shi ba, bai san daga ina ya fito ba. Ya dube su, ya ɗaure rabin buhun gero ya ɗora wa mutumin a ka, ya ce su je Allah ya kawo ruwa. Bayan damina biyu sai ga Sodangi yana tambayar rumfar gajeren nan mai dariya. Ya ce akwai karsana a ruga, ta Tsoho ce, amma a bar ta a can tunda ɗan birni ba shi da inda zai ɗaure ta. Daga wannan karsana garken ya faro. Duk lokacin da ciniki ya yi kyau Tsoho yakan sayi wata ya aika a haɗa.

Riƙon shanu a wajenmu yana da ƙa'idarsa, ko da yake ba wanda ya taɓa zama ya karanta wa wani ita. Shanun naka ne, nonon na matar makiyayi ne. Kai za ka riƙa kai kanwa da gero. Idan ka je ruga za a shimfiɗa maka tabarma, ka sha fura, ku yi hira, shanu su wuce ta gabanka da yamma ka ce tubarkalla. Ba ka miƙa yatsa, ba ka motsa leɓe kana ƙirga. Makiyayin ne da kansa zai ce maka wance ta haihu, wance ta karye mun yanka ga abin da aka samu. Idan bukata ta taso ka aika, ya kai bijimi kasuwar Shinkafi ya sayar ya kawo maka. Da haka Tsoho ya je Makka, da haka ya yi wa gidansa rufin kwano. Kusan shekara talatin suna haka, ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Ni kuwa Barakatu ta zama ƙawata, kusan duk tafiyar da zai yi sai na bi shi.

Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, sai Kaura ta cika da sababbin masu kuɗi. Mutanen da jiya muke cin ƙosai layi ɗaya da su suka fara zuwa Gusau da safe su dawo da yamma da jakar takardu. Cikinsu akwai Alhaji Misbahu, abokin Tsoho na ƙuruciya, wanda ya koma ɗan kwangila. Bayan 'yan shekaru aka ƙaddamar da Shari'a, maganar zakka ta cika masallatai, kowa ya shiga taitayinsa yana tambayar kansa ko yana fitar da hakkin Allah daidai. Tsoho mai tsoron Allah ne, wannan ba na ja. Ta nan abin ya shigo masa.

Misbahu ne ya kai shi shagon wani saurayi mai suna Bilyaminu, wanda ya yi karatun akawu ya buɗe shago da kwamfuta da ɗan janareta a hanyar makaranta. Sana'arsa ita ce ya bi maka diddigin abin da ka mallaka. Ka gaya masa gidajenka da gonakinka da hajarka, shi kuma ya riƙa bin farashin kasuwa, duk ƙarshen wata ya buga maka takarda mai nuna nawa ka kai gaba ɗaya, da abin da ya hau kanka na zakka. Kana biyansa duk wata. Abin da Tsoho yake ba shi ya isa cefanen gidana na mako guda, na kuma gaya masa haka a gaban matarsa.

Ban ce Bilyaminu macuci ba ne. Yaro ne mai ladabi, yana durƙusawa ya gaishe ni, kuma aikinsa yake yi tsakani da Allah. Irin su Misbahu ma na ga amfanin abin gare su. Mutumin da yake da kuɗi a banki uku, da hannun jari a kamfanonin da bai taɓa ganin ƙofarsu ba, da gidajen haya a Gusau, dole ya nemi mai tuna masa, in ba haka ba ya mutu magada su yi ta lalube. Amma Tsoho fa? Sito ɗaya ne, makullinsa na aljihunsa. Gona ɗaya ce, ya san kowace kuka da ke cikinta. Me kwamfuta za ta gaya masa wanda bai sani ba?

Abin da ta koya masa shi ne rashin barci. Mutumin da yake shigowa gida yana tsokanar kowa ya koma shigowa da takarda a naɗe cikin hula. Watan da gero ya yi tsada sai ka gan shi yana washe baki, wai ya ƙaru, alhali ko buhu ɗaya bai sayar ba. Watan da farashi ya faɗi sai ya ƙi cin tuwo, wai ya yi asara, alhali buhunan suna nan jibge inda ya bar su. Na ce masa Yaya, geron nan bai san an buga takarda ba. Ya ce min ba fannina ba ne.

A cikin takardar akwai layi ɗaya da ya tsaya masa a wuya. Gaban kowane abu akwai adadi tsayayye, amma gaban shanu Bilyaminu yakan rubuta kalmar "kiyasi", domin Tsoho bai san yawansu daidai ba, cewa ya yi za su kai ashirin da biyar. Bilyaminu ya bayyana masa cewa ba zai iya tabbatar da abin da ba a ƙirga ba, kuma zakkar shanu daga talatin take farawa, don haka ya kamata a sani. Ya ce yadda ake yi a manyan gonaki shi ne a sa wa kowace dabba lamba. Yaron a gari ya tashi, bai taɓa kwana a ruga ba, ban ga laifinsa sosai ba. Wanda ya sha furar Barakatu shekara da shekaru shi ya kamata ya ce a'a.

Na je har ɗakinsa na same shi. Na ce idan zakka ce damuwarsa, ya tambayi Sodangi a cikin hira ko shanun sun kai a fitar musu, zai gaya masa, ai shi ma musulmi ne kuma ya fi mu sanin zakkar dabbobi. Na ce kada ya kuskura ya kai baƙo da takarda cikin garken mutumin nan. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ke Auta, mi kika sani ga wanga al'amari? Kuɗɗina nika biya dut wata. In biya kuɗɗi cikakku a ba ni kiyasi?"

Kun ji dalilin ke nan. Ba zargin Sodangi yake yi ba, ko a mafarki. Haushinsa kawai shi ne yana biyan kuɗin takarda kuma takardar ba ta cika ba. Da kyauta ake ba shi ita, na rantse da tuni ya naɗe goro da ita ya manta.

Washegarin kasuwar Shinkafi muka tafi, ni da shi da Bilyaminu. Na bi su ne don ina ganin ko a hanya zan iya karya masa gwiwa. A cikin mota na ga gwangwanin jan fenti da buroshi a ƙarƙashin ƙafarsa, irin fentin mai da ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Na yi magana har direba ya waiwayo, Tsoho ya juya fuska waje yana kallon gonaki.

Sodangi ya tarbe mu da murna kamar kullum. Dogo ne siriri, a lokacin gemunsa ya yi fari, kuma a rugagen wajen shi ake kira idan za a raba gardama ko za a ba da shaida. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Da shanu suka dawo, Tsoho ya yi gyaran murya ya fara kame-kame, yana cewa zamani ya canza, yanzu komai da tsari, ga malamin lissafi ya zo da shi. Sannan ya fito da gwangwanin. Sodangi ya dubi gwangwanin, ya dubi Bilyaminu da takardarsa.

"Shanunka na, Tsoho," in ji shi. "Yi abin da kag ga dama."

Shi da kansa ya riƙa kamo su ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe ƙaho yana yi wa saniya magana a hankali don ta tsaya, Tsoho yana zana mata lamba a gefen ciki, babba, yadda za a hango daga nesa, Bilyaminu yana rubutawa. 'Ya'yan Sodangi da maƙwabtansa suna tsaye sun harɗe hannu a kan sanduna suna kallo. Ni ina bakin bukkar Barakatu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta ci gaba da wanke ƙwaryarta, ƙwarya ɗaya, ta wanke ta sake wankewa.

Shanun suka kama ashirin da takwas, sun haura kiyasin da uku. Tsoho ya yi ta murna, yana dukan kafaɗar Sodangi yana cewa ai ya sani, ai ya gaya musu amininsa ba ya wasa. A zatonsa yabo ne. Da za mu tafi Barakatu ba ta fito rakiya ba, aka ce kanta ke ciwo. A mota yayana har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Abin da bai lissafa ba, shanu ba a ɗaki suke kwana ba. Kullum sai sun je mashaya, inda garken kowa yake haɗuwa. Fentin mai kuma ba ya fita da ruwa, sai gashin ya zube. Ga shi a shekarar ba a daɗe da yanke wa wani mutum hannu a kan satar saniya ba, maganar tana bakin kowa, duk makiyayi a tsorace yake da abin da zai haɗa shi da alƙali. Sai ga shanun da ke hannun dattijo kamar Sodangi sun bayyana da jajayen lambobi. Mutane suka ce ba a banza ba. Ba mai yi wa shanunsa haka sai wanda ya ga alamar ana rage masa, yana shirin kai ƙara. Wasu suka ce an ga ma'aikaci da takarda. Wani mutumin Shinkafi da yake da shanu biyu a hannun Sodangi ya zo ya karɓe abinsa, ya ce wai zai yi hidima ne. Aka yi rikicin gona a kusa da su, aka kira wasu dattawa, ba a kira Sodangi ba. Duk wannan daga baya na ji, daga bakin matan da ke kawo nono.

Ana tsakiyar bazara, rana kamar ta fasa kai, wata ranar bayan la'asar muka ji kukan shanu a unguwa. Na leƙa na ga layinmu ya cika da ƙahoni. Sodangi ne da manyan 'ya'yansa biyu, sun koro su da ƙafa tun daga Jangeru. Bai yi sallama ya shiga gida kamar yadda ya saba ba. Ya tsaya a waje, ya aika a kira liman da maƙwabta, sannan ya sa aka yi masa sallama da mai gidan. Tsoho ya fito da gudu ba ko takalmi.

"Alhaji, ga dukiyakka," in ji Sodangi. "Hiddo takardakka ka ƙirga gaban mutanen ga. In akwai wadda tab ɓace, ka hwaɗi yanzu."

"Haba Sodangi, mi yai zahi? Ni na ce ka ci min wani abu?"

"Ba ka ce ba. Ka rubuta ga jikinsu. Ko wanda bai yi boko ba ya karanta."

Liman ya sa baki, maƙwabta suka sa baki, Tsoho ya rantse har muryarsa ta shaƙe. Sodangi bai ɗaga murya ba, bai kuma motsa daga inda yake ba sai da aka ƙirga. Suka cika, har da ɗan maraƙin da aka haifa bayan zuwanmu, wanda ba shi da lamba. Ya ce liman ya shaida, liman ya ce ya shaida. Ko ruwan gidan bai sha ba suka juya. Kafin damina ta sauka muka ji ya tashi da iyalinsa da nasa shanun, ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar Maraɗi inda dangin matarsa suke.

To, ga Tsoho ga garken shanu a tsakiyar gari a lokacin da ba ciyawa. Ya zuba su a wani kango, yana sayen dusa da harawa da tsada, yana sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Maƙwabta suka fara ƙorafin wari da ƙuda. Duk makiyayin da ya nema ya karɓe su sai ya dubi lambobin ya ce garkensa ya cika. Shanun da suka saba da hannu ɗaya suka ƙi ci, suka rame, biyu suka mutu. Ƙarshe fataken da ke lodin kudu suka saye su a yadda suka ga dama, don sun san ba shi da zaɓi. A ƙarshen wannan watan Bilyaminu ya kawo takarda, idonsa a ƙasa. Layin shanu ya fita, babu sauran kiyasi a ko'ina, komai ya zauna daidai. Na ce wa yayana ga shi nan ya samu abin da ya biya, sai ya jiƙa ya sha. Na san magana ce mai zafi, kuma har yau ban janye ta ba.

Ya ci gaba da biyan kuɗin wasu watanni don kada Misbahu ya ce ya gaza, sannan ya daina ba tare da ya gaya wa kowa ba. Asarar shanun bai cika maganarta ba. Abin da yake maimaitawa shi ne yana son ya ga Sodangi su zauna, wai idan ya yi masa bayani da kyau zai gane. Sai da aka shekara biyu kafin wani mai sayen fata ya kwatanta mana inda suke. Ya sayi farin rawani mai kyau da ƙullin goro, ya roƙe ni in raka shi ko Barakatu za ta sassauta saboda ni.

Sun karɓe mu yadda ake karɓar baƙo mai daraja. Aka yanka kaza, aka share mana bukka, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Barakatu ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, amma ba ta zauna kusa da ni ba. Sodangi ya karɓi rawanin da hannu biyu ya yi godiya. Duk inda Tsoho ya ɗauko maganar, sai ya ce ai ya wuce, Alhaji, ya shiga tambayar farashin gero a Kaura. Da gari ya waye babu saniya ko ɗaya a rugar, an kore su kiwo tun kafin mu fito. Duk da haka yayana ya saki jiki. Ya raɗa min cewa in gani, ai an shirya.

Sodangi ya rako mu har bakin hanya inda motar kasuwa take tsayawa, tare da wasu dattawa uku na wajen. Motar ta iso, yaran mota suna ɗaure kaya, Tsoho ya miƙa hannu za su yi sallama. Sodangi bai karɓi hannun ba tukuna.

"Alhaji, buɗe jakakka ka duba kayanka gaban mutanen ga kahin ka shiga. Gidana ka kwana."

Tsoho ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Ya dubi dattawan, ba wanda ya yi dariya. Sai ya durƙusa a kan yashi, mutum mai shekara kusan sittin, ya zuge jakar yana fito da kayansa ɗaya-ɗaya. Riga, carbi, tocila, kwalbar turare. A can ƙasa ga farin rawanin a naɗe yadda ya kawo shi, da ƙullin goron ko kwance shi ba a yi ba.

Sodangi ya tambaye shi ko komai ya cika. Yayana bai ɗago kai ba, ya ce ya cika. Sodangi ya ce alhamdulillahi, ya ce dattawan su shaida, sannan ya ba shi hannu ya juya ya kama hanyar ruga.